Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara gina ƙananan sojoji da hannuna?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka taɓo maganar wasan yaƙi na kan tebur, wato wasan nan da ake jera 'yan ƙananan mutum-mutumin sojoji ana auna tafiyarsu da tef ana jefa 'yar ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo irin ta lido, saƙonni suke ta shigowa, kuma yawanci tambaya ɗaya ce ake juya ta, ya mutum zai yi ya gina sojan da kansa. Abin ya min daɗi sosai don ni ma nan zuciyata ta fi karkata. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina kallon bidiyon masu gina 'yan sojojin nan, sai in ga suna murza wani koren abu kamar cingam suna liƙa shi a jikin waya, kafin ka ce kwabo ya zama mutum da hularsa da takobinsa. Wai menene abin nan, kuma dole sai da shi? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Koren abin nan sunansa na asali Kneadatite, amma kowa a harkar Green Stuff yake ce masa, kamfanin Polymeric Systems na jihar Pensilbaniya a Amurka ne yake yin sa. Danƙon efoksi ne mai kashi biyu, ɗaya shuɗi ɗaya rawaya, sau da yawa yana zuwa a manne gefe da gefe kamar tef mai launi biyu. Ka yanko kaɗan ka yi ta murzawa da yatsu har ya koma kore tas, ba zirin shuɗi ba na rawaya, to daga wannan lokacin kana da kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya ƙi jin magana, sannan sai ya yi awa 24 yake gama ƙarfi gaba ɗaya. Shuɗin shi ne mai sa ya daskare, in ka ƙara shi abin zai fi tauri ya fi saurin kamawa, in kuma ka ƙara rawayan zai fi laushi da danƙo, ya fi karɓar ƙananan zane irin su gashi da fuska. Abu ɗaya da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba, tsakiyar tef ɗin nan inda launukan biyu suka haɗu ta riga ta fara daskarewa tun a cikin leda, ka yanke ta ka yar, in ba haka ba za ka yi ta cin karo da gudaji a cikin aikinka kana mamakin daga ina suke.

Dalilin da ya sa ya yi suna haka kuwa yana da tarihi. Kamfanonin da suke zuba sojojin ƙarfe suna danna aikin mai ginin ne a tsakanin faifan roba guda biyu da zafi da matsi mai yawa don a fitar da mazubi, to yumɓu ko kakin zuma ba sa jure wannan wahala, rugujewa suke, shi kuwa koren nan yana fitowa da ransa. Tom Meier na kamfanin Ral Partha a Amurka yana cikin na farko-farko da suka shahara da gini da irin wannan danƙo tun shekarun 1970, daga nan sauran suka bi. Kai kuwa da ba mazubin kamfani za ka kai aikinka ba, ba dole ba ne sai shi.

Akwai Milliput, wanda aka fara yi a Birtaniya a 1968, a yankin Wels ake yin sa yanzu. Shi ma kashi biyu ne ana haɗa su daidai wa daida, amma halinsa daban, yana jin ruwa kamar laka, ka shafa masa jiƙaƙƙen yatsa ya yi sumul, cikin awa uku zuwa huɗu ya zama dutse, ka goge shi da samfefa ka huda shi ka fere shi da reza. Green Stuff ko ya bushe yana nan da ɗan halin roba, in ka sa masa samfefa sai ya yi gashi-gashi. Shi ya sa takobi da garkuwa da sulke da duk abin da ke son kaifin baki Milliput ya fi dacewa da shi, tufafi da gashi da fata kuma koren. Da yawanmu ma haɗa su muke rabi da rabi, sai ka samu abin da yake karɓar zane kuma yana goguwa, ni dai wannan haɗin shi ne abin da hannuna ya fi sabawa da shi.

Na uku shi ne yumɓun roba da ake gasawa, irin su Fimo da Super Sculpey. Wannan ba ya bushewa sai ka sa shi a obin, Fimo digiri 110 na minti 30, Super Sculpey kuma digiri 130 minti 15 ga kowane kaurin milimita 6. Daɗinsa ba mai korarka, ka yi sati kana gyara hanci ɗaya ba abin da zai same shi. Matsalarsa kuma ita ce dai wannan laushin, duk inda yatsa ya taɓa ya lotsa, kuma ba za ka iya ɗora shi a kan sojan roba ka gasa ba don sojan ne zai narke.

To shawarata ƙanena, kar ka fara da cikakken mutum. Samu sojan roba da aka riga aka yi, ka ƙara masa jaka a kwankwaso, ka naɗa masa bargo a baya, ka yi masa gemu, ka rufe wata kafa da ta buɗe a kafaɗa. Wata guda kana wannan hannunka zai san lokacin da danƙon yake kamawa da lokacin da yake saki, wanda wannan ba bidiyon da zai koya maka shi.

Tambaya: Malam na gwada sau huɗu duk abin ya lalace. In na gyara gaba sai in tarar na danne baya da yatsa, ƙafafu kuma sai su lanƙwashe mutumin ya durƙushe, ga shatin yatsuna ko'ina a jiki. Har na fara tunanin ni dai ba ni da baiwar. Daga wani ma'aikaci da yake yi da daddare.

Amsa: Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, baiwa ba ta shigo cikin maganar nan ba tukuna, abu biyu ne kawai suka haɗu maka, ba ka yi masa ƙashi ba, sannan kana so ka gama shi a zama ɗaya. Wannan na biyun shi ne yake kashe gwiwar kusan duk wanda ya bar harkar, kuma bidiyo ne yake jawo shi, saboda aikin kwana goma ake matse maka a minti takwas.

Mu fara da ƙashin. Samu siririyar wayar tagulla, kaurin milimita 0.6 zuwa 0.8 ya isa sojan da tsawonsa milimita 28 ne, ko ka fere tsohuwar wayar lantarki ka zaro ta ciki. Ɗauki guda biyu ka murɗe su tare da filaya, inda aka murɗe shi ne gangar jiki da wuya, ƙasa kuma ka raba su biyu su zama ƙafafu, ka bar ƙafafun da tsawo fiye da kima don ka soke su a cikin toton toshe kwalba ko wani guntun katako. Wannan toton shi ne mariƙinka, daga yau yatsanka ba ya sake taɓa jikin sojan, shatin yatsa ya ƙare ke nan. Zana mutum a takarda daidai girman da kake so, ka ɗora wayar a kai ka sa alama da maka inda gwiwa take da inda kwankwaso yake, a nan kawai za ka lanƙwasa, kuma lanƙwasa mai kaifi da bakin filaya, don ƙafar mutum ba ta yin baka kamar ƙahon bijimi. A wannan matakin ne ake yanke tsayuwar soja gaba ɗaya, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ƙashin ya karkace duk adon da za ka ɗora daga baya ba zai ɓoye ba. Ka tashi tsaye ka yi irin tsayuwar a gaban madubi, za ka ga ramin wuyanka yana saitin ƙafar da ta ɗauki nauyinka, kwankwaso ya ɗaga ta wannan ɓangaren kafaɗa kuma ta sauka. Haka za ka yi wa wayar.

Daga nan sai hawa-hawa. Zama na farko ka shafa danƙo siriri a kan wayar, don kawai na gaba ya samu abin kamawa, ka ɗan tara a ƙirji da kwankwaso, ka ajiye ya bushe. A wannan lokacin ya kamata ya zama ramamme sosai, in ya yi kama da cikakken mutum tun yanzu to ka cika, da ka sa masa riga zai zama buhu. Zama na biyu naman ƙafafu, ajiye. Na uku takalma da wando, ajiye. Daga ƙasa ake hawa sama, daga ciki ake fitowa waje, kamar yadda mutum yake sa kaya, hannaye kuma a bar su sai ƙarshe don suna tare hanya. Kowane zama abin da za ka kwaɓa bai wuce ƙwayar wake ba, sau da yawa ma rabinta.

Ina tuna wani maharbi da na yi wa riga, na ɗauki kusan awa guda ina fitar da ninkin yadin a ƙirjinsa, kowane layi yana tasowa daga ɗamara yana bajewa sama yadda nake so, sai na ce bari in ƙarasa bayan tunda akwai sauran danƙo a hannu. Ina juya shi babban yatsana ya sauka a ƙirjin, da na ɗaga sai shatin yatsa kwance a inda ninkin yake, danƙon kuma ya riga ya fara tauri ba ya gyaruwa. Na ji zafin abin nan ƙwarai. Tun daga ranar nake ajiye sojoji uku ko huɗu a kan toto a lokaci guda, in na gama yanki ɗaya a jikin wannan sai in ture shi gefe in ɗauki na gaba, ragowar danƙo kuma in mulmula shi in yi duwatsu ko buhuna ko ƙoƙon kai na gobe.

In jiran ne yake damunka, zafi yana gaggauta shi. Sa sojan a cikin gwangwani ka kifa masa fitilar tebur mai tsohon ƙwan nan da yake ɗumi, cikin kamar rabin awa ya yi ƙarfin da za ka ci gaba, amma ɗumi fa na ce, in ya yi zafi da yawa danƙon zai kumbura, in kuma sojan roba ne a ƙasa zai lanƙwashe. Sanyi kuma yana jinkirta shi, wanda ka kwaɓa ka rasa abin yi da shi ka naɗe a leda ka sa a firiza zai jira ka na wasu awanni.

Tambaya: Me ake nufi da 28mm da 1:35 da nake gani a jikin kwalaye? Daga wata mai sha'awar zane.

Amsa: Baiwar Allah hanya biyu ce ta faɗar girma. Masu wasan tebur da milimita suke magana, 15 ko 28 ko 54, kuma da yawansu daga tafin ƙafa zuwa ido suke aunawa don hula da kwalkwali suna ɓoye tsakar kai, to sojan 28 in kin auna shi har sama zai kai kusan 30. Masu gina fage na kallo kuma da kaso suke magana, 1:35 na nufin an rage komai sau 35, mutum mai tsawon mita 1.75 zai dawo milimita 50, a 1:72 kuma kusan 24. Girman 1:35 kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa shi da tankokinsa, 54 kuwa wato 1:32 shi ne girman tsofaffin sojojin dalma na wasan yara, irin waɗanda marubuci H. G. Wells ya rubuta wa dokokin wasa a littafinsa Little Wars a 1913.

Ga abin da zai shafi hannunki. Mutum na gaske tsawonsa kamar kai bakwai da rabi ne, tsakiyar tsawon tana daidai mahaɗar cinyoyi, gwiwar hannu tana saitin ƙugu, yatsu kuma suna sauka tsakiyar cinya. A sojan milimita 30 ke nan kai bai wuce milimita 4 ba. Amma in kin duba sojojin Warhammer, wasan da kamfanin Games Workshop suka fitar a 1983, za ki ga kai da hannu da makami duk an ƙara musu girma da gangan, don a gane su daga nesa a kan tebur kuma su yi sauƙin fenti. Duka biyun daidai ne, abin da ba ya yiwuwa shi ne ki haɗa su a runduna ɗaya, sai ɗaya ya zama kamar ɗan ɗayan. Ki ajiye soja ɗaya na irin rundunar da kike so a gefenki kina gwadawa da shi a kowane zama. In kuma koyon jikin mutum kike so, ki fara da 54, ido zai ga kuskure hannu kuma zai samu wurin gyarawa.

Tambaya: Malam danƙon nan ya fi son kayan aikina a kan sojan, duk inda na taɓa sai ya biyo ni. Na ga wani yana lasar bakin ƙarfen kafin ya taɓa, in yi haka? Kuma wane kayan aiki zan saya? Daga wani sabon shiga.

Amsa: Kar ka lasa, don Allah kar ka fara. Efoksin da bai bushe ba yana iya sa jiki ya tsane shi, ya fara da ƙaiƙayi da ja da ƙuraje a yatsu, kuma in jiki ya riga ya kama wannan yawanci ba ya saki, duk ranar da ka sake taɓawa sai ya dawo, to ina ga baki. Ajiye ɗan jiƙaƙƙen soso a murfin kwalba kana dangwala bakin ƙarfen, ko ka shafa basilin kaɗan a bayan hannunka kana gogawa, kaɗan ɗin da ido ma ba ya gani. In ka yi amfani da basilin ka wanke sojan da sabulu da tsohon buroshin haƙori bayan ya bushe, in ba haka ba hawa na gaba ba zai kama ba, fenti ma haka. Wanke hannu da sabulu bayan kwaɓi, wanda fatarsa ba ta da juriya ya sa safar hannu ta roba, Milliput kuma a goge shi da jiƙaƙƙiyar samfefa don kar a shaƙi ƙurar.

Sannan ka san danƙon yana da lokuta. Minti 15 zuwa 20 na farko yana da kamu sosai, lokacin liƙawa ke nan, ka danna shi da kyau a jikin sojan ka baje bakinsa. Tsakiya lokacin siffantawa ne. Bayan kamar awa guda ya yi tauri irin na fata, a nan ne yake riƙe kaifin layi, sai ka koma ka gyara bakin ɗamara da silin gashi. Mayafi ma haka ake yi, ka baje danƙon tsakanin leda biyu masu basilin, ka bar shi ya yi minti 30 zuwa 40, ka yanka da reza sannan ka yafa masa.

Kayan aiki kuwa kar ka tara. Ƙarfe ɗaya irin na masu haɗa haƙori, mai baki kamar 'yar wuƙa a gefe ɗaya da ɗan cokali a ɗayan, sai allura da ka soke a guntun ice, sai reza mai tsini, sai buroshin nan mai bakin roba maimakon gashi, ƙarami, wanda yake share shati ya fitar da ninkin tufa, shi kam ranar da ka fara riƙe shi za ka ga bambanci a take. Ko tsinken sakace ka fere ka goge ka shafa masa supa gulu ya bushe, ya zama kayan aiki. Haske mai kyau ya fi duk waɗannan muhimmanci, ka sa fitilar ta gefe don inuwa ta nuna maka tudu da kwari.

Tambaya: Jiki yana fitowa ba laifi amma fuska ta gagare ni, duk wadda na yi sai ta zama kamar ta ƙwaɗo. Daga wani da ya yi shekara yana gwadawa.

Amsa: Malam shekara guda kana kai, ai ka wuce inda mutane suke zubarwa. Fuskar ƙwaɗo daga abu biyu take zuwa, ido ya hau sama da yawa, kuma danƙon yana motsi a ƙarƙashin ƙarfenka don ba abin da ya tokare shi. Fara da ƙoƙon kai, ɗan ƙwallo ƙarami a kan waya daban, ƙasa da girman da kake so, ka bar shi ya bushe sarai. Washegari ka ɗora ɗan danƙo kamar ƙwayar gero biyu a gabansa ka baje shi ya yi siffar ƙwai mai tsini a haɓa. Yanzu ka duba, ido a tsakiyar kai yake daidai, rabin tsawo daga tsakar kai zuwa haɓa, kowa yana ɗauka ya fi haka sama saboda gashi yana ruɗar mu. Kwantar da bakin ƙarfen a wannan layin ka danna sau biyu, dama da hagu, ka bar siririn tudu a tsakiya, wannan tudun shi ne hanci, ba a liƙa hanci daga waje a wannan girman. Danƙon da ya gudu sama ya zama gira, wanda ya gudu ƙasa ya zama kumatu. Tura ƙasan hancin sama kaɗan da tsinin reza, ka tsaga baki kusa da hanci fiye da haɓa, ka danna ƙarƙashin leɓen ƙasa don haɓa ta fito, ka matse gefen fuska ƙasa da ƙashin kumatu. Ido kansa ɗan tsagi ne kawai, fenti zai ƙarasa. Ka tsaya nan. Kunne da gashi da hula sai wani zaman.

Ɗauki hotonsa da waya ka buɗe shi babba, ko ka nuna shi a madubi, karkatar da idonka ya saba da ita za ta fito fili. Kuma kar ka yi kai ɗaya, jera waya goma a kan toto ka yi goma a sati, na takwas ba zai yi kama da na farko ba, yau da gobe ai ita ta sa allura ginin rijiya. Wanda ya fi kyau shi za ka yanke ka dasa a wuya.

Da kake maganar gagara, akwai tagwayen nan Alan da Michael Perry na Ingila, waɗanda suka yi shekaru suna gina wa Games Workshop sojoji kafin su koma kan kamfaninsu Perry Miniatures. A 1996 Michael ya rasa hannunsa na dama a haɗarin igwa wajen kwaikwayon yaƙin Crécy a Faransa, kuma da dama yake aiki. Ya koma ya koyi ginin da hagu, ya ci gaba da sana'arsa. Duk lokacin da na ɗauki sojansu na duba fuskar sai na tuna wannan.

Tambaya: Ɗana mai shekara 10 ya nace sai ya yi, akwai haɗari? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya ki bar shi ya yi, amma ban da efoksi a wannan shekarun, yara suna kai hannu ido da baki. Yumɓun da yake bushewa da iska ko Fimo ya ishe shi, ke za ki gasa masa, ki bi zafin da aka rubuta a jikin ledar don in ya ƙone hayaƙinsa ba shi da kyau, reza kuma ta zauna a hannunki. Ya yi manya, kamar tsawon yatsanki ko fiye, a kan ƙashin waya da aka naɗe da takardar alminiyom.

Tambaya: Na gina sojoji uku ina so in yi musu fage, ƙasa da duwatsu, amma da na ɗora su sai su zama kamar an ajiye su ne kawai a kan faranti. Daga wani mai karatu na kullum.

Amsa: Madalla da sojoji uku ɗan'uwa. Irin wannan fagen shi ake kira diyorama, sunan ya samo asali daga wani gidan kallo da Louis Daguerre ya buɗe a Faris a 1822. Kafin ka taɓa ƙasa ka tambayi kanka me yake faruwa a wurin a wannan daƙiƙar, ɗaya ya ji motsi ya juya, ɗaya yana ɗaure takalmi bai sani ba, na uku yana nuni da hannu, to inda idanunsu suke kallo shi zai ɗaure su wuri ɗaya. Kar ka jera su a layi ɗaya da bakin katakon, karkata komai kaɗan, kuma ƙasa ta samu tudu da gangare, fagen ya zama ƙarami yadda ba wurin da ya zauna fayau ba dalili.

Tudun da soson nan mai tauri na rufin gini ake yi, a yanka shi da reza a manna da farin gam na kafinta. Supa gulu da fentin feshi suna cinye soson nan, sai ka shafe shi da farin gam ko filasta tukuna. Yashi ka tankaɗe shi ka ware mai laushi da mai tsakuwa, don a 1:35 tsakuwa mai milimita 3 ta zama dutse mai santimita 10 da ɗoriya, kuma ka yi wa yashin fenti shi ma, in ka bar shi da launinsa na gaske ba ya shiga da sojan da aka fenta.

Maganar faranti kuma daga tafin ƙafa take. Mutum yana da nauyi, ƙasa tana karɓarsa. Wayar nan da ka bari a ƙafafu kar ka yanke ta, huda mata rami ta shige. Shimfiɗa Milliput siriri inda za su tsaya, tun yana ɗanye ka shafa wa tafin takalmin ruwa ka danna sojan a ciki har gefen takalmin ya ɗan nutse, ka cire shi, ka danna wasu sawun biyu ko uku a bayansa ta inda ya fito. In ya bushe ka fenta ka mayar da shi cikin sawunsa, sannan ka ɗauki busasshen buroshi da ɗan launin ƙasar ka shafa a takalman da gindin wandon har zuwa ƙauri.